Kalmar "Atlas": Asalinta, Ma'anoninta da Matsayinta a Hausa

1. Gabatarwa

Tun daga shekarar 1973, lokacin da aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a birnin Damagaram, masu tsara littattafai a Nijar suke fama da neman sunayen da za su laƙaba wa abubuwan da ilimin boko ya zo da su. Aikin ya ƙara nauyi daga watan Maris na 2025, sa'ad da kundin sake gina ƙasa ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa. Daga cikin littattafan da makarantu da azuzuwan yaƙi da jahilci za su bukata akwai wanda ya tattara taswirorin ƙasa wuri guda, wanda Faransawa da Ingilishi suke kira atlas. Sunan da aka buga a bangon irin wannan littafi shi ne zai zauna a bakin yara, kuma in ya zauna da wuya a sāke shi.

Ana jin ra'ayi iri uku game da wannan suna. Wasu sun ce a bar kalmar atlas yadda take, tun da duniya duka ta san ta. Wasu sun ce a riƙe ta domin wai asalinta Larabci ne, har ma Hausa ta daɗe da aro ta a cikin kalmar aɗalashi. Wasu kuwa sun ce a nemo suna daga cikin Hausa. Maƙasudin wannan maƙala shi ne a bi salsalar kalmar, a auna waɗannan ra'ayoyi da ita, sannan a ba da shawara.

2. Asalin kalmar a Turai

A cikin tatsuniyoyin Girkawan dā, Atlas sunan wani ƙato ne daga cikin waɗanda suka yi yaƙi da Zeus, babban abin bautarsu. Da aka ci su da yaƙi sai aka yanke masa hukuncin ya tsaya a can ƙarshen yamma ya ɗauki sama a kafaɗarsa har abada. A lura, sama aka ce ya ɗauka. Masu sassaƙa sun riƙa siffanta saman nan da ƙwallo mai ɗauke da taurari, daga baya mutane suka ɗauka ƙwallon duniya ne, kuskuren kuwa ya bi littattafan makaranta har yau.

Masana ba su haɗu a kan tushen sunan ba. Da yawansu sun danganta shi da wani aikatau na Girkanci mai ma'anar ɗauka ko jurewa. Wasu sun ce sunan ya girmi Girkanci, aro shi aka yi daga mutanen da suka riga Girkawa zama a ƙasar. Wasu kuma sun kai shi ga kalmar adrar, wadda take nufin dutse a harsunan mutanen Magrib na asali, dangin harshen Buzaye. Masu wannan ra'ayi suna kafa hujja da duwatsun Atlas, waɗanda suka miƙe daga Maroko suka ratsa Aljeriya har Tunisiya. Daga sunan nan ne kuma aka samo sunan tekun Atlantika.

Littattafan taswira sun riga wannan suna samuwa. A shekarar 1570 Abraham Ortelius ya buga nasa a birnin Antwerp, mai taswira 53, ya kira shi Theatrum Orbis Terrarum, watau dandalin kallon duniya. A wajen wannan lokaci kuma wani mai sayar da taswirori a birnin Rum, Antonio Lafreri, ya sa hoton ƙaton nan ɗauke da ƙwallo a shafin farko na taswirorin da yake harhaɗa wa masu saye. Amma wanda ya fara sa kalmar a matsayin sunan littafi shi ne Gerardus Mercator, wanda ya rasu a 1594, ɗansa Rumold ya fitar da cikakken littafin a garin Duisburg na ƙasar Jamus a 1595.

A nan akwai abin da masu fassara sukan tsallake. Mercator ya bayyana a gabatarwarsa cewa wanda yake nufi wani sarki ne na almara mai suna Atlas, sarkin Mauretaniya, wanda aka ce masanin taurari ne kuma shi ya fara ƙera ƙwallon da ke nuna sararin sama. Mauretaniyar nan ta dā tana arewacin Maroko da yammacin Aljeriya na yanzu, dabam take da ƙasar Muritaniya ta yau. Ke nan Mercator karrama wani masani ya yi niyya, kamar yadda akan raɗa wa makaranta sunan wani babban malami. Littafin ya yi kasuwa, aka yi ta sāke buga shi a Amsterdam, har sunan ya tashi daga kan littafi guda ya koma sunan duk wani littafi irinsa. Haka nan ya faru ga kalmar ƙamus: asalinta teku take nufi, Firuzabadi ya sa ta a sunan littafinsa na kalmomin Larabci, daga nan ta zama sunan kowane littafin kalmomi, har ta iso Hausa da wannan ma'ana.

3. Yaɗuwar ma'anar

Da kalmar ta zauna sai aka riƙa mayar da ita baya ana laƙaba wa ayyukan da masu su ba su taɓa jin ta ba. Taswirar da aka zana a tsibirin Mayorka wajen 1375, wadda ta nuna Mansa Musa na Mali riƙe da zinariya, yau ana kiranta Atlas na Katalan, alhali ta girmi littafin Mercator da shekara 220.

Ma'anar ta kuma faɗaɗa ta fita daga labarin ƙasa. Likitoci suna kiran littafin hotunan gaɓoɓin jiki atlas, suna kuma kiran ƙashin wuya na farko, wanda kai yake zaune bisansa, da wannan suna. Masana harshe su ma sun ɗauke ta: tsakanin 1902 da 1910 Jules Gilliéron da Edmond Edmont suka fitar da atlas na harshen Faransa, bayan an bi wurare 639 ana tambayar mutane yadda suke faɗin kalmomi. Saboda haka duk sunan da za mu zaɓa a Hausa ya kamata ya iya ɗaukar waɗannan ma'anoni. Ranar da aka tashi zana bambancin Damagaranci da Arewanci da Katsinanci da Kananci a kan takarda, da wannan suna za a kira littafin.

4. Atlas na Larabci da aɗalashi

A Larabci akwai wata kalma atlas, mai harafin ɗamisa hannu, wadda ta girmi Mercator nesa ba kusa ba. Tushenta yana nufin shafewa ko gogewa, shi ya sa ake siffanta abu mai sulɓi, marar zane ko gashi, da ita. Masana falaki na Musulunci sun kira falaki na tara, wanda suka ce babu tauraro a jikinsa, da wannan siffa. Da ita kuma ake kiran wani yadi na alharini mai santsi da ƙyalli. Wannan ita ce kalmar da Hausa ta ara ta zama aɗalashi.

Yadda ta rikiɗa bai saɓa wa ƙa'idojin aro ba ko kaɗan. Harafin ɗamisa hannu ya koma ɗ, kamar a ɗalibi da ɗabi'a da sharaɗi. An cusa wasali tsakanin baƙaƙen da suka haɗu, kamar yadda fitna ta zama fitina. An ƙara wasalin i a ƙarshe, shi kuwa s in ya gamu da i sai ya koma sh, kamar a rasa da rashi. Wannan rikiɗa shaida ce cewa aron tsoho ne, ta baki ya shigo, tare da hajar da yake suna.

Damagaram tana cikin garuruwan da irin wannan haja take sauka. A zamanin Sarki Tanimu, wanda ya yi mulki daga 1851 zuwa 1884, ayarin da ya taso daga Tarabulus yakan biyo ta Gadamus da Gat da Agadas ya sauke kaya a unguwar Zango, a wajen ganuwar Birni. Yakan kawo tufafi da takarda da duwatsun ado da bindigogi, ya koma da fatu da gashin jimina da hauren giwa da bayi. André Salifou ya yi bayanin wannan ciniki a littafinsa na tarihin Damagaram da ya fito a 1971. Aɗalashi kayan sarakuna ne da attajirai, na alkyabba da adon doki.

To amma babu dangantakar asali tsakanin yadin da littafin. Kamar sauti ce kurum ta haɗa su. Mai karatu ya san irin wannan a Hausa: sura ta Alƙur'ani da sura ta kamannin jiki rubutunsu ɗaya a boko, amma a Larabci ta farko da sin take, ta biyu da sodi, kowace da tushenta. Jamusanci ma ya ari sunan yadin, yana rubuta shi daidai da sunan littafin. Rashanci kuwa yana bambanta su da wurin da ake danna murya, a gaɓar farko in littafi ake nufi, a ta biyu in yadi ne.

Gaskiya ne Larabcin zamani yana kiran littafin taswira atlas, jam'insa atalis. Wannan aro ne daga Turai, an zuba shi a cikin tsohuwar kalmar da ta yi kama da shi. Hanyar shigarsa ƙasashen Musulmi sananniya ce. A tsakiyar ƙarni na 17 Katib Celebi ya fassara ƙaramin atlas na Mercator zuwa Turkanci, a 1803 kuma aka buga wani littafi a Istambul mai suna Sabon Atlas. Malaman Musulunci na farko ba su san littafin taswira da wannan suna ba. Alkhwarizmi a ƙarni na 9 da Ibn Hauƙal a ƙarni na 10 kowannensu ya kira littafinsa Suratul Ardi, watau surar ƙasa. Idrisi, wanda ya kammala nasa a Palermo a 1154 da taswira 70, shi ma bai yi amfani da kalmar ba.

Wasu masu ra'ayi na biyu sukan ƙara da cewa ai a kan yadi ake zana taswira a dā, daga nan sunan ya samo asali. Littafin Mercator a kan takarda aka buga shi daga farantan tagulla, kuma shi da kansa ya faɗi dalilin sunan. Inda yadi ya shiga tarihin taswira da gaske shi ne a kalmar Latin mappa, wadda take nufin ƙyalle, daga cikinta Ingilishi ya samo sunan taswira, Faransanci kuma ya samo mappemonde. Wannan wata hanya ce dabam wadda ba ta gamu da ta atlas ba.

5. Abin da Hausa take da shi

Taswira kalma ce da ta zauna a Hausa, ana jin ta a rediyo, ana karanta ta a jarida, daga Damagaram har Kano. Tushenta ɗaya da sura ta kamanni, watau tana cikin dangin kalmar da Alkhwarizmi da Ibn Hauƙal suka zaɓa. Duk mai son suna mai jijiya a cikin ilimin Musulunci, a nan zai same shi. Aikin zanen ƙasa shi ma ba baƙo ba ne ga malaman ƙasar Hausa: a 1824 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba Clapperton wata taswira mai nuna kogin Kwara da ƙasashen da ke kewaye, aka buga ta a Landan a 1826.

Saura kalmar da za ta nuna tarin taswirori. Littafi kalma ce mai faɗi, tana ɗaukar kowane irin rubutu. Kundi kuwa ya fi kusa da abin da ake nufi. A zaure da tsangaya kundi shi ne tarin takardun da malami yake adana abin da ya tsinta a wurin malamansa, laƙani da hatimi da fa'idoji, falle-falle, yana ƙarawa a hankali. Ba a karanta shi daga farko zuwa ƙarshe, buɗe shi ake yi a nemi abin da ake bukata a rufe. Haka ake amfani da atlas, haka kuma na farko-farko suka samu, domin Lafreri falle-falle yake tattara taswirorin masu zane dabam-dabam ya ɗinke wa mai saye. Bugu da ƙari, kalmar ta riga ta fito daga zaure ta shiga harkar zamani: ana cewa kundin tsarin mulki, da kundin digiri, da kundin tarihi, ba wanda yake tambayar ma'anarsu.

6. Auna ra'ayoyin

Ra'ayi na biyu ya faɗi, tun da an gina shi a kan kamar sauti. In da za a bi shi har ƙarshensa sai a ce wa yaro ya buɗe aɗalashinsa shafi na goma, abin da zai ba tela dariya.

Ra'ayi na farko yana da hujjar da ba za a raina ba. Ɗalibin da ya wuce firamare zai gamu da kalmar a Faransanci da Ingilishi da Larabci, kuma Hausa ba ta taɓa ƙyamar aro ba. Amma akwai matsala biyu. Ta farko ta furuci ce. Baƙin t ba ya tsayawa a ƙarshen gaɓa a Hausa sai in wani t ne yake biye da shi. A tsofaffin kalmomi yakan koma r, kamar yadda August Klingenheben ya nuna tun a ƙarshen shekarun 1920: muna cewa fatake amma farke, ɓata amma ɓarna. A kalmomin aro kuwa wasali ake cusawa. Ke nan abin da bakin Bahaushe zai faɗa shi ne atalas. In an rubuta atlas, an karya alkawarin da aka yi wa mai koyo tun daga taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980, cewa abin da ya gani a rubuce shi zai furta.

Matsala ta biyu ta fi girma. Aro yana da amfani inda harshe ba shi da abin faɗa. Manomin Mirya ko Magarya da ya shiga ajin dare, in ya ga kundin taswirori a bangon littafi ya san abin da ke ciki tun bai buɗe ba. In ya ga atalas sai malami ya tsaya ya yi masa bayani, bayanin kuma da kalmomin kundi da taswira zai yi shi. Lokacin ajin manya kaɗan ne, tsakanin girbi da faɗuwar damina, bai kamata a kashe shi wajen fassara bangon littafi ba.

Akwai mai cewa kundin taswirori ya yi tsawo, kalma biyu a madadin ɗaya. Jirgin sama da gidan waya su ma kalma bibbiyu ne, ba su hana kowa magana ba. Ginin kuma yana da fa'idar da kalmar aro ba ta da ita, domin yana haihuwa: kundin taswirorin Nijar, kundin taswirorin harshe, kundin hotunan jiki. Jam'insa a shirye yake, kundayen taswirori.

7. Sunayen da ke cikin littafin

Sauya sunan bango ba zai wadatar ba in sunayen da ke ciki suka zauna yadda suke. Mutanen Damagaram sun daɗe suna ba da ilimin ƙasarsu wasu suna zanawa. James Richardson ya sauka a birnin a farkon 1851, Heinrich Barth kuma daga ƙarshen 1852 zuwa farkon 1853. Barth ya tattara jerin zanguna da rijiyoyi daga bakin fatake da alhazai, August Petermann ya zana masa taswirorin littafinsa. Bayan Faransawa sun ci garin a 1899, yarjejeniyoyin 1904 da 1906 suka gyara iyakar da ke tsakaninsu da Ingilishi, ayarin Tilho kuma ya bi ƙasar tsakanin 1906 da 1909 yana aunawa. Sunayen garuruwa da kunnen baƙo aka ji su, da ƙa'idar rubutun Faransanci aka rubuta su.

Shi ya sa a taswirorin hukuma ake ganin Kantché a wurin Kance, Tessaoua a wurin Tasawa, Mirriah a wurin Mirya, Gouré a wurin Gure. Atlas na Nijar da kamfanin Jeune Afrique ya buga a 1980, ƙarƙashin jagorancin Edmond Bernus da Sidikou Hamidou, aiki ne mai daraja, amma da Faransanci aka yi shi domin masu Faransanci. Wanda ya koyi karatu da Hausa zai iya duba irin wannan taswira ya wuce sunan garinsu bai gane shi ba. Birnin da muke magana a kansa ma Zinder yake a takarda, alhali a tasha da kasuwa Damagaram ake cewa.

8. Kammalawa

Daga abin da ya gabata ana iya ba da shawara huɗu. Na ɗaya, a tsayar da kundin taswirori a matsayin sunan wannan littafi a duk abin da za a buga domin makarantu da azuzuwan manya. Na biyu, a shigar da atalas cikin ƙamus a matsayin kalmar aro, da wannan rubutu, a nuna cewa daga Girkanci ta fito ta hanyar Faransanci da Ingilishi. Rubutun atlas kuwa a bar shi ga sunayen littattafan waje da na duwatsun Magrib. Na uku, a ba aɗalashi gurbinsa dabam a ƙamus, da asalinsa na Larabci, kada a haɗa su ƙarƙashin kai ɗaya. Na huɗu, kafin a zana ko da taswira ɗaya, a tura masu bincike su bi gundumomin jihar Damagaram su ɗauki sunayen garuruwa da tafkuna da duwatsu daga bakin mazaunansu, na Hausa da na Barebari da na Fulani da na Buzaye, a rubuta kowanne da ƙa'idar harshensa, a ajiye rubutun Faransanci a jerin sunaye na ƙarshen littafi domin mai neman kwatantawa.

Shawara ta huɗu ita ce mai cin lokaci da kuɗi. Ya kamata jami'ar André Salifou ta Damagaram da masu tsara littattafai na ma'aikatar ilimi su fara da gunduma guda, alal misali Mirya, a gwada taswirar a azuzuwan manya na shekara ɗaya, a ga sunayen da masu koyo suka gane da waɗanda suka gyara, sannan a wuce zuwa sauran.